Hannun da Baba Ya Ɗaga

Ran kasuwar Ƙaraye ne, farkon damina, ina 'yar ƙarama. Baba ya goyo ni a kekensa za mu gida, na rungume ƙullin irin gyaɗar da za mu shuka. Sai ga wata a-kori-kura ta tunkaro mu. Baba ya ratse gefe, ya ɗaga wa direban hannu, don shi ba ya wuce mutum bai gaishe shi ba.

Ga hanya fetal, amma mutumin nan ya karkato kanmu da gangan. Da hannu ɗaya Baba ke riƙe da keken, sai muka zube cikin taɓo, gyaɗa ta watse. Direban ya leƙo yana dariya: "Matsiyaci, titin na ubanka ne?"

Baba ya duba gwiwata, sannan ya durƙusa yana tsintar gyaɗa.

"Tsinci, uwata," ya ce, "shuka ba ta jiran fushi."

Gwiwa ta warke, gyaɗa ma ta fito. Amma har Baba ya rasu ban ƙara ganin ya ɗaga wa mota hannu ba. Wannan ne ban yafe ba, Allah ya isa!