Shekarar da Kabewar Firmin Ta Ƙi Haihuwa

Saura kwana huɗu liyafar kaka, Firmin Vermeersch na tsaye a lambunsa yana ɗaga ganye da sanda. Ganye kam ga shi nan, yaɗo har kan katanga. Kabewa kuwa ko ta rantsuwa babu.

Shekara ashirin da biyu ke nan miyar kabewarsa ce ke buɗe liyafar a zauren cocin ƙauyenmu. Albasa, man shanu, kirim ɗin madara, 'yar gyaɗar ƙamshi, sai kabewar da ya noma da hannunsa. Wannan ta ƙarshen ce ba ya bari a manta. Kafin ka kai cokali baki ya ba ka tarihin irin tun daga kan kakansa.

To, “da hannunsa” ɗin ma da gyara. Firmin na da ciwon baya, ba ya sunkuyawa. Matarsa Godelieve ce mai cire ciyawa, ita ce mai yanko kabewar ta turo a baro. Shi nasa aikin na masu ilimi ne: kullum da safe ya zaga da almakashi mai dogon hannu, yana datse duk furen da ya ga ɗan kumburi a gindinsa. Cuta ce, in ji shi, kuma sirrin nomansa ke nan.

Bana aka yi wa Godelieve aiki a ƙugu tun watan Yuni, ta tafi jinya gidan 'yarsu a birnin Antwerpen. Lambu ya koma hannun maigida shi kaɗai.

Ya zargi dodon koɗi. Ya zargi ruwan sama. Ya zargi ƙudan zuman maƙwabcinsa Odiel da ƙyuya, har suka yi mako ba sa gaisawa. Ya ninka aikin almakashi. Shiru.

Abin da ya fi cin ransa ƙaryar da ya sheƙa ce. Da Godelieve ta kira tana tambayar lambu, bakinsa ya riga shi, ya ce akwai wata da sai maza biyu za su ɗaga. Ta ce to madalla. Ga shi ranar Asabar za ta dawo, daidai ranar liyafa. Kunyar ƙauye da sauƙi, amma matarsa ta gane cewa wata huɗu kacal da ta juya baya ya kasa? Wannan kam ba zai iya ba.

Ranar Laraba ya ja hula har gira, ya hau keke, ya wuce gonaki biyu masu sayar da kabewa don an san shi a can. Sai a ƙauye na uku ya tsaya, wurin wata tsohuwar manomiya da bai taɓa gani ba. Cikin raɗa ya ce yana son babba, mai dogon kara, in da hali har da ganye biyu a jiki. Matar ba ta ko ɗaga gira ba. Ta ce keke ba zai ɗauka ba, ya faɗi inda za a kai.

Firmin ya waiga hagu da dama. “Bayan coci, gida mai lamba tara. Ta ƙofar lambu, don Allah, kada kowa ya gani.”

Matar ta aje wuƙarta, fuskarta ta washe.

“Lamba tara? Af, Godelieve ce ta aiko ka! Lafiyarta kuwa? Shekara ashirin da biyu ba ta taɓa fashi ba sai bana: ƙarama a Yuli, matsakaiciya a Agusta, babba a Oktoba. Ka dai tura ta sosai cikin ganye, malam. Ta ce mijin nata ba ya sunkuyawa.”