Taɓon Rani a Hanyar Lagdo

Motar ta kafe har ciki a hanyar da ta ratsa gonakin shinkafar Lagdo.

Shekara biyu mai motar ya yi a Garwa yana gyaran a-kori-kurar nan: ya ɗaga ta, ya sa mata tayoyi masu haƙora, ya kafa tanti a samanta, ya ɗaura mata injin ja a goshi. Yau zai kai matarsa kwanan daji a bakin tafki.

"Maigida, ba ka ce ko kogi za ta haye ba?" in ji matar.

Ya jawo igiyar injin, ya duba gabas da yamma, babu bishiya ko ɗaya da zai ɗaura ta.

Sai ga wani tsoho da bijimai biyu, har da karkiya a wuyansu.

"Sannu, Alhaji. Allah ne ya kawo ni," in ji tsohon.

Ja ɗaya, motar ta fito. Maigidan ya sa hannu a aljihu, tsohon ya girgiza kai.

"Haba, taimako ne. Sai dai ga 'yan buhunana can, ko za ka rage musu hanya zuwa kasuwa? Ƙanena na can yana jira."

Suna tafe, mota na nishi da buhunan shinkafa, matar ta ce, "Wai yaushe rabon da a yi ruwan sama?"

Wata huɗu ke nan. Maigidan ya dubi madubi. Ga tsohon can da fartanya yana toshe magudanar da ya karkato kan hanya, yana ɗaga masa hannu.