Lamba Shida da Rediyon Tela

Goggo, an kira shi! Wallahi yau dai an kira shi! Bari in ajiye jakata, ko kayan makaranta ban cire ba na taho. Amma an sa na yi alkawarin ba zan faɗa ba, don haka ba labari zan ba ki ba, misali ne, irin wanda malamarmu ta Hausa take ba mu, babu sunan kowa a ciki.

An yi wani ɗan ƙwallo, ɗan tsakiya, mai lamba shida. Aikinsa a kulob ɗin garinsu shi ne ya tsaya a gaban 'yan baya, ya ƙwace ƙwallo, ya miƙa wa na kusa, ya koma inda yake. Shekara huɗu bai ci ko ɗaya ba, kuma koci bai taɓa zaunar da shi a benci ba. To ubansa tela ne, ba ya zuwa fili, rediyo yake ratayewa a jikin keken ɗinki. Kin san mai rediyo, sai an zura ƙwallo a raga yake ware murya ya ja sunan mutum har numfashinsa ya ƙare. Tsoho ya ji sunan ɗan mahauci, ya ji na ɗan mai faci, na ɗansa shiru. In yaron ya dawo da ƙafa a kumbure, sai ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "Anya kana bugawa kuwa, ko jaka kake riƙe musu?"

Ana nan sai aka kira shi ƙungiyar ƙasa, wasan sada zumunta. Unguwa guda ta raka shi tasha, kowa maganarsa ɗaya: a ciyo mana. Uban kuwa sabon batir kawai ya saya. Batir ɗin nan shi ya tsaya wa yaron a rai. Ana busa usur ya manta da lambar da ke bayansa, ya hau gaba yana cin karo da 'yan gabansu. Ya fi kowa gudu, har ya buga wata ta daki turke. Kuma burinsa ya cika fa, mai rediyo ya kira sunansa sau uku. Duk ukun tambaya yake ina yaron nan ya shiga, don ta gurbin da ya bari aka bi aka zura musu uku. Da aka dawo daga hutun rabin lokaci, shi bai dawo ba.

Ya iso gida kansa a ɗaure. Ba shi ya fi kowa gumi ba? Ba turke ne kaɗai ya hana shi ba? Ya yi ta jiran kira na biyu, shiru. Sai ya ɗauka ƙwallon da bai ci ba ce laifinsa, ya ƙara ƙaimin hawa gaba a kulob, ya zama jemage, ba shi ga tsuntsu ba shi ga dabba. Aka sallame shi. Ya je wani kulob a kudu, kakar wasa ɗaya suka ce sun gode. Ya tsallaka ƙasar maƙwabta, inda ko yaren kocin ba ya ji. Da kocin ya gaji da magana da hannu, sai ya ɗebo farar ƙasar da ake zana layin fili da ita, ya zana da'ira a gaban 'yan baya, ya nuna yaron, ya nuna da'irar. Yaro ya ɗauka hukunci ake masa, ya tsaya a ciki yana cika yana batsewa. Wasa ɗaya, ba a ci su ba. Biyu, uku, har goma sha ɗaya ragarsu ba ta motsa ba. Mutanen garin suka riƙa ɗaga shi a kafaɗa, shi kuwa yana waige ya ga ko da wani suke, don a ganinsa tsayuwa kawai yake yi. Haka ya yi shekara biyar a can, shekarunsa suka kai ashirin da tara, ya fitar da rai da sake sa rigar ƙasa.

Sai yau, yana gida hutu, ana cin abincin rana, waya ta yi ƙara. Sabon kocin ƙasa ne da kansa. Yaron ya ji tsoron ko kuskuren suna aka yi, ya gaya masa gaskiya, shi fa tunda ya fara bai taɓa cin ƙwallo ba. Kocin ya yi dariya ya ce, "Masu ci ina da bakwai. Mai tsayawa nake nema."

Tsohon ya cire tabarau ya tambaya, in ba zai ci ba, to shi me zai saurara? Ɗan ya durƙusa ya ce, "Baba, in ka ji har an tashi ba a kira sunana ba, to ina nan." Tsoho ya juya maganar nan, ya sake juyawa, bai ga kanta ba. Amma dai ya aiki ƙanwar yaron ta sayo batir, ga shi ma a aljihuna... Au!

Goggo, don girman Allah kar ki faɗa wa kowa, ko Kawu Ɗanlami, sai an karanta sunayen ranar Laraba. Ni dai misali na ba ki. Hausawa ai sun faɗa: kowa ya daka rawar wani, ya rasa turmin daka tasa.