Wanda Ya Nemi a Sakaya Sunansa

Karo na huɗu ke nan a wata ɗaya da Waliyyu ya canza wa rediyonsa batir. Tun da aka fara fashi a hanyar Jega rediyon bai huta ba, shi ma bai huta ba. Da safe a ce an tare mota, da azahar a ce ɓarayin su bakwai ne, kafin la'asar sun zama goma sha biyu, har da wanda harsashi ba ya cinsa. Tsakanin labari da labari sai a sako kiɗa, don mutum ya samu ya numfasa.

Shekara biyu da yanke jihar Kebbi, mutanen Danwarai ba su taɓa jin ana ambaton yankinsu sau biyar a rana ba sai yanzu. Wasu har da ɗan alfaharinsu.

Fashin dai gaskiya ne. Waliyyu ya ga Ayuba direba da idonsa a gidan masu ɗori a Aliero, an farfasa masa hannu da gora, ɗan kasuwar da ya ɗauko kuma an riga an binne shi. Wannan ɗaya ya gani. Sauran ashirin da ɗoriya kuwa, wani ganau da ya nemi a sakaya sunansa ne ya gan su, bawan Allah mai yawan sa'a, kullum yana wurin, kullum kuma yana tsira.

Direbobi suka jingine motocinsu. Albasa tana rumbu, ga zafi, ga hadari ya fara haɗowa daga gabas.

"Malam, albasa ba ta jin rediyo," in ji matarsa Murjanatu. "Jiya na leƙa rumbu, ta ƙasa ta hwara wari."

Mota ɗaya ce ke shiga ƙauyuka har yanzu, gingimarin Alhaji Ɗayyabu, dillalin albasa daga Jega. A masallaci har addu'a ake yi masa. Yakan sauko yana girgiza kai, ya ce ransa ya sa a kasada saboda talaka, sannan ya yi tayin da ko a shekarar da albasa ta yi kwantai ba a yi irinsa ba. Wanda ya yi gardama, sai Alhaji ya ce masa ya je ya kunna rediyonsa. Mutum ya kunna, ya ji, ya dawo ya sallama.

Waliyyu ya cije har sati uku, sannan ya sallama rumbu biyu cikin uku, wahalar ban-ruwa ta rani guda. Na ukun ne ya tsaya masa a wuya. Ranar kasuwar Jega, a gaban jama'a, ya ce zai biya kuɗin mota ya bi buhunansa da kansa.

"Kana da iyali hwa, Malam Waliyyu," in ji Alhaji.

"Awo, Alhaji. Don su nika tahiya."

Alhaji ya dubi jama'a, ya ga babu halin ƙi.

Waliyyu ya nemi Murjanatu gafara, ta yafe masa, ya yafe mata. Ya hau saman buhuna yana karanta duk addu'ar da ya sani, har da waɗanda ba na tafiya ba.

A hanya ya ga shanu, ya ga mata da itace a ka, ya ga 'yan sanda biyu a gindin bishiya sun kafa kunne a kan rediyo. Babu mota gaba, babu mota baya. A bakin gidan waya na Jega Alhaji ya tsaya, ya yi ɗan ƙus-ƙus da wani mutum mai jaka a kafaɗa da biro a kunne. Waliyyu ya ɗauka mai karɓar haraji ne, ya lafe cikin buhuna.

A kasuwa albasa ta yi wuya, 'yan kudu sai rububi suke yi. Kafin azahar buhunansa sun ƙare, a farashin da ya sa da ya tuna rumbunan nan biyu sai da ya nemi wurin zama. Ya ce wa kansa sa'a ce, yau ɓarayin suna hutu. Ya je ya yi wa Alhaji godiya har da durƙusawa. Alhaji ya ce ba komai, Danwarai dai an gama, gobe Liba zai nufa, jibi Alelu, idan an kwana da rai.

Mai babur ya mayar da shi gida. Kafin magariba yana kan tabarmarsa, tuwo a gabansa, Murjanatu tana yi masa barka da arziki. Hannunsa ya kai ga rediyo, don sabo.

"Da safiyar yau 'yan fashi sun tare wata motar albasa tsakanin Aliero da Jega, sun sassara wani manomi da ya nace sai ya bi kayansa kasuwa. Yanzu haka rai yana hannun Allah. Mai motar, wanda ya nemi a sakaya sunansa, ya shawarci mutanen Liba da Alelu su sayar da amfaninsu a gida."

Murjanatu ta fara salati tana tausaya wa iyalan mutumin. Waliyyu ya tsaya da loma a hannu. Motar albasa ɗaya ce tak ta bi hanyar nan da safiyar yau, manomi ɗaya ne a kanta, kuma bawan Allahn da aka sassara bai ma gama cin tuwonsa ba.