Masu Sauraron Alhaji Zubairu

Takardar lauyan ta iso ranar Talata, Zeinabu tana goge taɓo daga jikin tabilet mai lamba huɗu. Shekara shida tana riƙe da ɗan ɗakin karatun unguwar Banifandou, ba ta taɓa karɓar takarda mai tambari har uku ba.

Kamfanin ɗab'in Alhaji Zubairu ne ya aiko. Littattafansu sittin ne ke cikin tabilet ɗin da ɗakin karatun ke ba mutane aro, kuma kontara ta ce kowane littafi mutum ɗaya zai karanta ko ya saurara a lokaci guda. To ga na'urar kamfanin ta nuna wata uku ke nan ana kunna littafi ɗaya ta amsa-kuwwa, kullum daga magariba har asuba. Lauya ya ce wannan karatu ne a bainar jama'a. Ko a yi bayani cikin mako guda, ko a janye littattafan duka a haɗu a kotu.

Arba'in daga cikin sittin ɗin na ƴan lakwal ne, ɗaliban makaranta, ga jarrabawa saura wata ɗaya.

Littafin da ake rigimar a kansa kuwa Alhajin ne da kansa ya rubuta, Shekara Talatin a Duwan, labarin aikinsa na kwastan, shafi ɗari bakwai. Ya ƙi yarda a ɗauki mai karatu, ya shiga sitidiyo ya karanta da muryarsa, har da tari da gyaran murya. Zeinabu ta taɓa gwada saurare, ta kai shafi na tara.

Ta duba rajista. Mutum ɗaya ne ke sabunta aron duk mako: Ismaël, mai garka a Goudel. Bai taɓa neman wani littafin ba. Sau ɗaya ta tambaye shi ko yana jin daɗinsa, ya ce, "Madam, yana aiki sosai." Maƙwabtansa huɗu ma sun rubuta suna, suna jiran layi.

Ranar Alhamis Alhaji ya zo da kansa, da babbar riga da lauya a bayansa. Ya yi faɗa kan haƙƙin mallaka har ya gaji, sannan ya rage murya ya tambaye ta, wai da gaske mutane na hana idonsu barci saboda littafinsa? Ta ce ba ta sani ba, amma in ya yarda su je su gani.

Bayan la'asar suka isa bakin kogi. Garkar Ismaël ce ta ƙarshe, dab da ruwa, kabewa da tumatir sun yi kyau fiye da na kowa. Shingen maƙwabta duk a karye yake, nasa ne kaɗai a tsaye. A kan wani dogon itace an ɗaure amsa-kuwwa irin na masu tallan magani, bakinsa na kallon kogi.

"Saboda ƴan ƙetare su ma su ji," Alhaji ya raɗa wa lauya. Lauya ya rubuta.

Ismaël ya fito da butar ban-ruwa a hannu. Alhaji na yin sallama, sai ya ajiye butar.

"Baba, kai ne mai muryar?"

Kafin a ce wani abu ya ruga ya kira maƙwabta. Suka zo suna fofo, sannun Zabarmawa, suna rige-rigen gaisawa da shi. Wata tsohuwa ta ce albarkacinsa bana za su ci abin da suka shuka. Wani ya ajiye masa kwandon tumatir. Alhaji ya ciro hankici ya share ido.

Lauya ya tuna da aikinsa, ya tambayi yawan masu sauraron.

"Bakwai ne," in ji Ismaël. "Babbar da iyalinta. Wani lokaci wani ƙato na biyo su."

"Suna zama har ƙarshe?"

"A'a, yallaɓai. Ba a taɓa samun wanda ya wuce gabatarwa ba."

Alhaji ya ce ai gabatarwar tana da nauyi, sai mai ilimi. Nan take ya umarci lauya ya yaga takardar. Ya ce littafin da ya shiga zukatan talakawa haka ba a kai shi kotu. Ya ƙara wa ɗakin karatun lasisi huɗu kyauta, ya kuma yi alkawarin kashi na biyu, shafi dubu. Maƙwabta suka yi ta kabbara.

Zeinabu ta bari sai da ya shiga mota da kwandonsa, sannan ta ja Ismaël gefe. Ta ce ya taimake ta da sunan matar nan da iyalinta, tana so ta yi musu katin ɗakin karatu, kada rigimar ta sake tasowa.

Ismaël ya dube ta, ya dubi kogi, ya sosa ƙeya.

"Madam, wa zai je ya tambayi dorina sunanta? Mu dai tun da muka fara kunna mata Alhaji, ko ita ko ƴaƴanta babu wanda ya ƙara fitowa cin kabewarmu."