Jan Biron Farfesa

Babi na uku ya dawo jina-jina, kamar na ɗaya da na biyu. Jan biro ya bi shi layi-layi, ya soke nan, ya zagaye can, kuma a gefen kusan kowane shafi ga tambayar nan da ƙananan haruffa masu kwantawa hagu: "Wa ya ce? Kawo hujja." Can a ƙarshe kuma, da baƙin biro, "Na gani," da sa hannun Farfesa.

Kamus ya rungume takardun kamar an ba shi sarauta. Da wannan sunan 'yan ajinsu suke kiransa, shekara huɗu bai gane ba yabo ba ne. Kujerar gaba tasa ce, hannunsa kullum a sama, ko gaisuwa aka yi masa sai ya gyara. Abu ɗaya ya sa a gaba: ya fita da digiri mai daraja ta ɗaya, sashen ya riƙe shi ya koyar. Maki kaɗan suka rage masa, kuma duk suna cikin wannan bincike da yake yi kan gurɓatar ruwan rijiyoyi.

"Farfesa ba ya ɓata tawadarsa a kan kowa," in ji shi. "Sai wanda ya ga yana da kai."

'Yar Madubi ta ce, "Ai kuwa," tana hura farcenta.

Ita ce abin da ya ɗaure wa kowa kai. Kujerar baya take zama, jakarta cike da hoda da jan baki, dariyarta har farfajiya ake ji. Ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba, ba ta taɓa tsayawa gaban allon sakamako ba. Yadda aka yi ta liƙe wa wannan busasshen mutum, Allah kaɗai ya sani. Ta ce yadda yake tura tabarau da ɗan yatsa in ya rikice ne yake burge ta. Shi kuwa ya yarda ta so shi, kamar mai yin alfarma.

Amfaninta a wurinsa bai wuce aike ba. Ofishin Farfesa yana hawa na huɗu, ana ajiye babi a tiren sakatariya a dawo bayan mako. Kamus ya fi ƙarfin hawan bene, don haka ita ke kaiwa, ita ke karɓowa. Wani lokacin ta dawo da ɗigon ja a gefen yatsa, ya taɓe baki ya ce ko jan farcen ma ba ta iya shafawa ba.

Wata rana yana karanta mata babi na huɗu a inuwar ɗakin karatu, don ya ji daɗin muryarsa, sai ta yi hamma.

"To su rijiyoyin da damina kawai suke da ruwa? Da rani fa?"

Ya yi dariya har da buga cinya. "Ke dai ki tsaya kan hoda, wannan ba layinki ba ne."

Bayan mako guda babin ya dawo, gefen shafi na tara an rubuta: "Ina samfurin rani?" Ya kwana biyu yana gyara, ya riƙa ba abokai labarin zurfin tunanin Farfesa. Ko kunya bai ji ba, don ko tunawa da tambayarta bai yi ba.

Da ya hango nasara, sai ya fara hango kansa a ofis, da sunansa a ƙofa. Ya dubi 'Yar Madubi tana ɓare alewa a tsakiyar lacca, ya ga ba ta dace da hoton ba. Namiji da ya isa zai faɗa mata baki da baki. Shi wasiƙa ya buga, shafi uku, har da gabatarwa da kammalawa. Ya bayyana cewa tazarar da ke tsakanin ƙwaƙwalwarsu ta yi yawa, kuma masana sun tabbatar irin wannan haɗi ba ya ɗorewa. Ya zura mata a jaka ya wuce.

Ba ta kira ba, ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Abin ya ɗan sosa masa rai.

Saura kwana goma ya kare bincikensa a gaban malamai, ya ɗauki babi na biyar, wanda shi ne ƙashin bayan aikin, ya hau benen da kansa yana haki. Bayan mako ya koma. Ya buɗe shafi na ɗaya, fari tas. Na biyu, fari tas. Har ƙarshe ba ɗigon ja ko ɗaya, sai "Na gani" da sa hannu. Shi kansa ya san akwai ramuka a ciki, bai dai san inda suke ba.

"Mama, Farfesa bai duba ba," ya ce wa sakatariyar.

Dattijuwar ta dube shi ta saman tabarau. "Ga sa hannunsa nan, me kuma kake so? Yauwa, wata ta bar maka saƙo."

Ta miƙo masa ambulan. Wasiƙarsa ce, shafi ukun nan, ta dawo jina-jina, an soke nan, an zagaye can. A gefen inda ya ce masana sun tabbatar, da ƙananan haruffa masu kwantawa hagu, jan biro ya rubuta: "Wa ya ce? Kawo hujja."