Baki Bakwai

Tun da aka kafa dokar yabo, ba mai ikon cewa wani abu ya fi wani sai na'urar ƙofar kasuwa ta amince. Tasalla mai waina ta je gabanta da hantsi, riƙe da shaidar mutum bakwai da suka ɗanɗana tata da ta ƙanwarta Ladidi. Shida sun zaɓi tata.

Na'urar ta ce, "Bakwai sun yi kaɗan, Hajiya. Masu fifita taki za su iya zama huɗu cikin goma, za su iya zama kusan duka. Wataƙila dace ne kawai."

Dace! Ita da ta koya wa Ladidi riƙon cokalin juya waina? Don dai yarinyar ta samu bakin tasha, baki ɗari uku suka shaide ta, aka kafa mata koriyar tutar "An tabbatar da daɗinta". Tasalla kuwa tana can lungu.

Ta aika aka sayo wainar Ladidi, ta haɗa da tata, ta jera wa mahaifiyarsu faranti biyu.

"Inna, tsakaninki da Allah, wacce ta fi?"

Inna ta ci wannan, ta ci waccan, sannan ta saci kallon 'yar fitilar da hukuma ta maƙala a saman ƙofa don kama masu karya dokar yabo, wadda ta soma yin ja.

"Ni baki ɗaya ce, 'yar nan. Ba na ƙirguwa."

Tasalla ta sauke numfashi, har ta fara murmushi. Sai Inna ta miƙa hannu ta ƙara ɗaya, daga farantin Ladidi.